Amanar dukiya, wakafi da gado: tambayoyin da ake yi min a zaure

Na daɗe ina rubuta wa mutanen ƙauyenmu takardu a nan ƙasar Ringim, ta cinikin gona, ta jingina, ta kyauta, wani lokaci kuma a kira ni in riƙe biro ranar rabon gado. Malamin makaranta ne ni wanda ya yi karatun zaure gwargwado. A 'yan shekarun nan 'ya'yanmu da ke aiki a Kano da Abuja suna dawowa gida da wata kalma, wai tirost, suna ce wa iyayensu ita ce hanyar tsare dukiya da rage haraji. Iyayen sai su zo wurina. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da abin da nake faɗa musu.

Malam, mene ne wannan tirost da yaran nan ke faɗa?

Amana ce da doka ta tsaya mata. Mutum uku ne a ciki. Akwai mai dukiya, wanda ya cire wani abu daga hannunsa. Akwai amintacce, wanda aka damƙa wa abin da sunansa, amma ba shi da ikon ci. Sai masu cin amfani, waɗanda aka yi abin dominsu, kamar 'ya'ya, jikoki, ko almajiran wata makaranta. Ana rubuta takarda a faɗi abin da amintaccen zai yi da wanda ba zai yi ba. Tsarin ya zo mana ne ta dokar Ingila. Wata amanar tana fara aiki mai ita na da rai, wata kuma sai bayan ya rasu, ta hanyar wasiyya. A birni akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, suna da rajista da hukumar kula da hada-hadar hannun jari, suna kuma karɓar ladan aikinsu duk shekara.

To ai wannan kamar wakafi ne. Ko da bambanci?

Dangi ne na kusa, kuma namu ya girme. Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibar, ya nemi shawarar Manzon Allah (SAW), aka ce masa in ya so ya tsare asalin ya yi sadaka da amfaninsa. Ya yi haka, da sharaɗin ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Malamanmu na Malikiyya hubusi suke cewa, shi ya sa hukumar da Jihar Kano ta kafa a 2003 ake kiranta Hukumar Zakka da Hubusi.

Wakafi iri biyu ne. Akwai na alheri, kamar rijiya, masallaci, makaranta. Akwai na zuriya, wanda mutum ke tsare gona ko shago domin 'ya'yansa da jikokinsa su ci amfani ba tare da an sayar ba. Wannan na biyun shi ne ya yi daidai da abin da yaran ke nufi. Mu a karkara mun san na farko sosai, na biyun ne ba mu saba da shi ba.

Bambancin da ya fi shafarka shi ne inda za a je in rigima ta tashi. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci wakafi, kyauta, wasiyya da gadon Musulmi a cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke da hurumi a kai. Ke nan in kai Musulmi ne a Kano ko Jigawa, kada ka rubuta wata takarda da tunanin magadanka ba za su auna ta da ma'aunin shari'a ba. Za su auna, kuma suna da inda za su kai ƙara.

Allah Ya riga Ya raba gado. Me ya kawo wani tsari kuma?

Tambaya ce mai kyau, kuma na fi son mai yin ta. Rabon da ke cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, babu mai taɓa shi. Amma wannan rabon yana hawa ne kan abin da mutum ya mutu ya bari. Abin da ya fitar daga hannunsa yana da rai da lafiya, ta hanyar da shari'a ta yarda, ba ya cikin lissafi.

Ɗauki misali. Manomi ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar gona eka 8, mata ɗaya, 'ya'ya maza 3, mata 4. Matar ta ɗauki tumuni, eka 1. Saura eka 7 a kasa kashi 10, kowane namiji ya samu eka 1.4, kowace mace ta samu 0.7. Adalci ya tabbata. Amma jira zuwa jikoki. Wanda ya samu 1.4 shi ma ya bar 'ya'ya bakwai, sai ka ga gonar da ake shiga da garmar shanu a wuni ana huɗa ta koma 'yan kunyoyi. Wanda ke birni ya sayar da nasa ya sayi babur, 'yar da ke aure a nesa ta sayar wa maƙwabci, iyaka ta rikice. Na tsaya a gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau mutum goma sha ne a cikinta, rabinsu ba danginmu ba. Wakafin zuriya yana iya riƙe wani yanki a dunƙule, a riƙa raba hatsin da ya fito maimakon a raba ƙasar.

Na riga na faɗa a gaban liman da mai unguwa cewa fadamata ta makarantar allo ce. Bai isa ba?

Bai isa ba, Baba, kuma nan ne mafi yawan mutanenmu ke faɗuwa. A mazhabarmu kyauta da sadaka da hubusi ba su cika sai da hauzi, wato abin ya bar hannunka ya shiga hannun wanda aka ba ko mai kula da shi. Duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta wannan wurin: in mai bayarwa ya mutu kafin a karɓa, abin ya koma gado.

Na ga wannan da idona. Wani dattijo, abokin mahaifina, yana da fadama mai mangwaro guda shida da rijiya a tsakiya. Shekara da shekaru yana faɗa a majalisa cewa ta makaranta ce. Kowa ya sani, har yara suna kiranta fadamar almajirai. Amma shi ke noma ta, shi ke sayar da mangwaron a kan bishiya tun yana ɗanye, in ya ga dama ya aika wa malam buhun gero. Da ya rasu, bayan sadakar arba'in, muka zauna. Malamin makarantar ya kawo shaidu uku, duk dattawa, duk suka rantse sun ji. Aka tambaye su: ko sau ɗaya malam ya taɓa sa fartanya a wurin da sunan makaranta? Suka yi shiru. Fadamar ta shiga rabo. 'Ya'yan ba mugaye ba ne, babban ma har hawaye ya yi, amma akwai ƙanana marayu a cikin magada, babu mai ikon yafe rabonsu. Har yau in na wuce na ga an sare huɗu daga mangwaron nan, sai in ji zafin rashin tunatar da shi tun yana raye.

Saboda haka in ka yi niyya, kira mai kulawar, ku taka gona tare da shaidu, ka nuna masa iyaka daga gamba zuwa aduwa, ka janye. Daminar nan shi zai shuka. Kuma ka yi shi kana cin tuwonka kana zuwa kasuwa. Abin da aka bayar a ciwon ajali hukuncin wasiyya yake ɗauka: ba ya wuce sulusi, kuma ba ya zuwa ga magaji sai da yardar sauran magada.

Togiya ɗaya ce sananniya. Uba yana iya riƙe wa 'ya'yansa ƙanana abin da ya ba su, in ya kafa shaidu, yana kashe amfanin a kansu, kuma abin ba gidan da yake zaune a ciki ba ne.

Zan iya yi wa 'ya'yana maza kaɗai, tunda mata gidan wani za su kai?

Kada ka yi. Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya na Shaihu Halilu, ya lissafa hubusin da aka yi wa 'ya'ya maza ban da mata a cikin waɗanda suka ɓaci, kuma an ruwaito Imamu Malik yana ganinsa aikin jahiliyya. Ka kuma tuna Bashir, mahaifin Nu'umanu, da ya ba ɗansa ɗaya kyauta ya zo neman Annabi (SAW) ya shaida. Da aka ji bai ba sauran ba, Annabi ya ƙi shaidar, ya umarce shi da adalci tsakanin 'ya'ya.

Mutane da yawa da suka zo min da maganar tsare gona, in muka zauna muka warware, sai in tarar 'ya'ya mata ake son zagayewa. Ba na rubuta irin wannan takarda. 'Yar da ake cewa gidan wani za ta kai, ita ce ake sakowa da goyo ta dawo ɗakin uwarta, ita ce kuma ke jinyar uban.

Maganar rage haraji fa? Ɗana ya ce gwamnati za ta cinye rabin dukiyar in ban yi ba.

Ɗanka labarin wata ƙasa ya karanta. A Ingila harajin gado kashi 40 cikin 100 ne a kan abin da ya haura fam 325,000, shi ya sa masu hali a can ke fitar da dukiya tun da wuri, domin kyautar da mutum ya yi ya kuma rayu shekara 7 bayanta tana fita daga lissafi. A Amurka ma kashi 40 ne, sai dai ba ya hawa kan mutum sai dukiyarsa ta haura dala miliyan 15 daga 2026. A irin waɗannan ƙasashe amana babbar hanya ce ta rage abin da gwamnati za ta ɗiba.

Nijeriya ba ta da harajin gado. An taɓa kafa makamancinsa a 1979, aka soke shi a 1996. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, su ma ba su dawo da shi ba, duk da surutun da aka sha a gidajen rediyo lokacin da ake muhawara. Abin da dokar ta ce shi ne, in dukiyar da aka bari ko aka sa a amana tana kawo kuɗin shiga, kamar hayar shago, wannan kuɗin ana iya biya masa haraji kamar kowane samu. Naira 800,000 ta farko a samun mutum na shekara babu haraji a kanta, mafi tsananinsa kuma kashi 25 ne ga masu samun da ya haura miliyan 50. Auna wannan da rumbunka ka gani. Kuma wanda ya sa dukiya a amana amma ya riƙe ikon janye ta ko cin amfaninta, hukumar haraji tana lissafa samun a kansa ne.

Na san abin da ke tsorata dattawa. Sun ga zamanin haraji da jangali, kafin Abubakar Rimi ya soke su a 1979, lokacin Jigawa tana cikin Kano. Sun kuma ji labarin ushira, kashi ɗaya cikin goma da ake cira in alƙali ya raba gado. Abin da ya rage yau shi ne kuɗin kotu in an kai mata rabo, da kuɗin takardar izinin karɓar dukiyar mamaci daga banki, da kuɗin mota da na zirga-zirga, da lauya in an yi rigima. Dukiyar da ta riga ta fita daga hannun mamaci ba ta bin wannan layi, to a nan akwai sauƙi na gaske. Amma ita ma amanar tana da nata kuɗin: lauya, hatimin gwamnati a kan takarda, sauya suna a ofishin ƙasa. Ga mai eka biyar da shanu huɗu, in don haraji kaɗai ne, wahalar ba ta biya ba. Rigimar 'yan uba ita ce ke cinye gado a nan.

In na yi wakafi, zakka ta faɗi?

A'a. A mazhabarmu hatsin gonar hubusi in ya kai nisabi, wato sa'i 300, ana fitar masa: ɗaya cikin goma in na damina ne, ɗaya cikin ashirin in da inji aka yi ban ruwa. Dukiyar maraya ma ana fitar mata.

'Ya'yana ƙanana ne, ina tsoron abin da zai same su bayana. Me zan yi?

Wannan ita ce amanar da ta fi kowace muhimmanci a ƙauye, kuma ba ta bukatar ka fitar da komai daga hannunka yau. Naɗa wasiyyi. Uba yana da ikon zaɓar wanda zai kula da dukiyar 'ya'yansa ƙanana bayan rasuwarsa, namiji ko mace, har da uwarsu in ita ce ta fi cancanta. Gado zai rabu yadda Allah Ya ce, rabon yaran kuma ya shiga hannun wanda ka zaɓa, ba wanda ya fi ƙarfin murya ranar rabo ba.

Rubuta masa aikinsa dalla-dalla. Wa zai noma gonar, haya za a bayar ko noma-mu-raba? Shanun a hannun wa za su zauna, wa zai ƙirga su duk shekara bayan kaka? Kuɗin makaranta daga ina? Sayyidina Umar ya yi umarni a juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta, ke nan ba a so a binne ta a ƙarƙashin gado. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta faɗi ƙarshen aikin: a jarraba su, in sun balaga an ga hankalin riƙon dukiya a miƙa musu, a kafa shaidu. Aya ta 10 kuma ta faɗi makomar mai ci da zalunci, kowa ya san ta.

Ina so matata ta zauna a gidan nan har ƙarshen ranta. In ce na ba ta?

Yi hattara a nan. Malamanmu sun ce in miji ya ba matarsa gidan da suke zaune tare, ya ci gaba da zama a ciki har ya mutu, hauzi bai samu ba, domin shi ne mai wajibin ba ta wurin zama. In kuma ka sa a wasiyya, ita magajiya ce, sai sauran sun yarda. Hanyar da na ga ta fi tsayawa ita ce a ba ta wani abu da za ta karɓa da hannunta yanzu: fili, ko wani gida dabam, ko gona da za ta sa a noma mata. In kana da mata fiye da ɗaya, ka san adalci na jiranka a nan ma. Wasu kuma suna tara 'ya'ya manya su nemi alkawarin cewa ranar rabo za a fitar wa uwar tumuninta a ɗakin da take ciki.

Wa ya kamata in naɗa mai kula?

Wanda ka taɓa ba ajiya ya dawo da ita cif. Ba dole sai babban ɗa ba. Na fi son mutum biyu ko uku, ɗaya daga cikin gida, ɗaya daga waje, a cikinsu akwai mai iya rubutu da lissafi. Rubuta wanda zai gaje su in ɗaya ya rasu ko ya gaza, da ladan da za su ɗauka, don wanda aka sa aiki kyauta shekara goma wata rana zai biya kansa da kansa. Kai mai wakafin kada ka ce kai ne za ka ci gaba da kula, domin ka koma gidan jiya, abin bai bar hannunka ba. In wakafin na makaranta ne ko masallaci mai dukiya da yawa, ana iya yi wa kwamitin amintattu rajista a hukumar rajistar kamfanoni ƙarƙashin dokar 2020, sai ya zama ƙasar da asusun banki suna da sunan kwamitin, ba sunan mutum ɗaya da 'ya'yansa za su taso gobe su ce na babansu ne ba.

Wace takarda za a yi, kuma ina za a kai ta?

Takardar ta faɗi sunanka da cewa kana cikin lafiya da hankali, ta faɗi gonar da maƙwabtanta gabas da yamma, kudu da arewa, da itatuwan da ke ciki, ɗorawa ce ko kuka ko dabino, domin su ma dukiya ne. Ta faɗi masu cin amfani da yadda za a raba musu, da ranar da mai kula ya karɓa. Shaidu su zama masu ƙarancin shekaru a kanka. Mai unguwa da dagaci su sa hannu, a kai kotun shari'a ta yankinku a tabbatar, kowane ɓangare ya riƙe kwafi, a kuma ɗauki hotonta a waya.

Kada a manta da dokar mallakar filaye ta 1978. Ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, abin da muke da shi haƙƙin zama da amfani ne. Gonar karkara ƙaramar hukuma ce ke da hurumin amincewa da sauya hannunta, mai takardar mallaka ta jiha kuma sai da izinin gwamna. Rubuta a takardar inda kuɗin diyya zai tafi in gwamnati ta karɓi wurin don titi ko wani aiki, a ce a sayi madadinsa.

In 'ya'yan suka shiga matsi, za su iya sayarwa?

Ba za su iya ba, kuma shi ya sa nake cewa a yi tunani sau biyu. Malikiyya suna da tsanani a nan: ƙasa ko gidan hubusi ba a sayar da shi ko ya zama kango, sai don faɗaɗa masallacin Juma'a, hanya ko maƙabarta. Bayan zuriya uku masu cin amfani na iya kai ɗari, kowa ya samu kwano biyu, babu mai kishin gyara. Irin wannan na cikin abin da ya sa Masar ta soke wakafin zuriya a 1952. Sauƙin da muke da shi shi ne mazhabarmu ta yarda da wakafi mai wa'adi. Kana iya cewa shekara 20, har autanka ya gama karatu, daga nan gonar ta dawo gare ka ko magadanka. Kuma kada ka tsare duka, bar abin da za a gada.

Ana bina bashi. In sa gonar a wakafi don kada a taɓa ta?

Wakafin wanda bashi ya riga ya cinye dukiyarsa ba ya tsayawa, masu bin bashi suna da ikon rushe shi. Biya tukuna.

Mahaifinmu ya riga ya rasu bai yi komai ba. Akwai yadda za mu riƙe gonar a haɗe?

Akwai. A fara da likkafani da bashi da wasiyya, sannan a lissafa rabon kowa a rubuce, mace da namiji, ko da ba za a ja igiya a gona ba. Daga nan manyan da suka yarda su bar nasu a haɗe kamar gandu, a raba amfani bisa lissafin, a ware na marayu a hannun mai kula da su. Ba a tilasta kowa. Wanda ya ce a cire masa nasa, a cire. In kuma ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare tun ba a raba ba, sauran suna da shufu'a, wato ikon karɓa a kan kuɗin da aka saya. Kada dai a bar shi shekara ashirin da sunan zumunci, babban wa yana ci shi kaɗai, ƙannensa mata suna jin kunyar tambaya.

Ni marigayi ya rubuta a takardar banki da ta fansho a matsayin makusancinsa. Kuɗin nawa ne?

Ba naka ba ne. Sunanka yana wurin don a san wanda za a nema in wani abu ya faru. Kuɗin na magada ne duka, kuma banki ko kamfanin fansho zai nemi takardar kotu kafin ya saki. In an saki ta hannunka, kai ma ka zama amintacce daga wannan rana. Karɓo takardar bayanin asusun, ka kawo ta zaure yadda take, a karanta adadin da ƙarfi a gaban matan marigayin kafin a fara lissafi.